Darasi na 9: Takardar Ba da Riƙon Yaro na Ɗan Lokaci

Ku buɗe sabon shafi. Ku ɗauki biro, kada ku ɗauki fensir, domin rubutun fensir yana gogewa.

Wani lokaci gida yakan shiga matsi. An kwantar da uwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, uba yana can yana jinyarta. Ko ruwan damina ya rushe ɗaki, ko maigida ya tafi ci-rani. Sai a kai yaro wurin goggonsa a Kumo, ko kawunsa a Bajoga, ko kakarsa a Dukku. Riƙo ke nan, mun gaje shi, kuma ba abin kunya ba ne. Yaro yana nan da sunan ubansa. Yau za mu koyi rubuta 'yar takardar da za ta bi shi.

Kashi na 1: Jimlar

Ku kwafe wannan a hankali:

Ni, ________, na ba wa ________ riƙon ɗana ________, daga ranar ________ zuwa ranar ________.

Layin da ba komai a kansa, wurin cikewa ne. Na farko sunanku. Na biyu sunan mai riƙo, cikakke da na mahaifinsa. Kada ku rubuta "Goggo" kawai, goggo tana da yawa a gari. Na uku sunan yanka na yaro, ba Baba ko Ummi ba. Idan mace ce, ku rubuta "'yata" a maimakon "ɗana".

Kashi na 2: Ranar dawowa

A nan kowane aji yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada ku damu, za ku iya.

Kwanan wata lamba uku ne a jere: rana, wata, shekara. Ku faɗa da baki: rana, wata, shekara. Ku sake faɗa. Tsakanin kowace lamba da 'yar uwarta a ja ɗan karkataccen layi, kamar haka: /

Kowane wata yana da lambarsa. Janairu 1, Fabrairu 2, Maris 3, Afrilu 4, Mayu 5, Yuni 6, Yuli 7, Agusta 8, Satumba 9, Oktoba 10, Nuwamba 11, Disamba 12.

A ce an kai yaro ranar 5 ga Maris, 2026. Za a rubuta 5/3/2026. Biyar ita ce rana. Uku shi ne wata. Idan kuka juya su, kuka rubuta 3/5/2026, ya zama 3 ga Mayu, kun ɓata kusan wata biyu. Rana ce a farko. Ku ɗora yatsa a kan lambar farko, ku ce "rana". Madalla.

Yanzu a ce wata uku zai yi. Ku ƙirga da yatsu, ku fara daga watan da ke biye: Afrilu, Mayu, Yuni. Yuni lamba nawa ne? Shida. To ranar dawowa 5/6/2026. Ku rubuta ta a layi na ƙarshe. Ku duba: rana, wata, shekara.

Wasu za su ce, "Malam, ai mun yi da ita sai bayan Sallah." Wace Sallah, ƙarama ko babba? Ta wace shekara? Watan Musulunci yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara a kalandar boko. Ku duba kalanda, ku sa lamba. Wasu kuma sukan ce "sai Allah ya kawo sauƙi". Allah ya kawo, amin, amma ku yi addu'ar da baki, ku sa lamba a takarda. Idan ranar ta zo sauƙi bai samu ba, a zauna a rubuta sabuwar rana, shi ke nan.

Zan faɗa muku gaskiya, ko da ba za ta yi daɗi ba. Kuna barin layin nan babu komai don kuna jin nauyin yayarku, kada ta ce ba ku yarda da ita ba. Haka riƙon wata uku yake zama shekara uku. Yarinyar da aka kai don a samu damar yin jinya ta daina zuwa makaranta, tana talla, uwa kuma ta rasa bakin cewa a dawo da ita. Dattawa ne ku, bai kamata in yi ta nanatawa ba. Duk wanda ya kawo mini littafi da layin ƙarshe a buɗe, zan mayar masa.

Ku sake gwadawa. An kai yaro 10/7/2026, zai yi wata biyu. Agusta, Satumba. Ku rubuta. Rana, wata, shekara.

Kashi na 3: Abin da zai bi yaro

Katin rigakafi ya tafi da shi, musamman idan jariri ne da bai kai wata 9 ba, lokacin allurar ƙyanda. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ku riƙe ta asali, ku ba da kwafi. Idan yana da sikila ko farfaɗiya, ku ba da maganinsa, ku rubuta lokacin sha. Ku rubuta lambar wayarku a ƙasa. Lambobi 11 ne, ku ƙirga. Ku je ku shaida wa hedimasta wanda yaro yake hannunsa.

Kashi na 4: Shaidu

Mutum biyu, kamar liman da mai unguwa. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala babban yatsa. A rubuta takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Idan uwa da uba suna rigima a kan yaron, wannan maganar alƙali ce.

Kashi na 5: Ziyara

Ku riƙa zuwa, ko ku kira a ba shi waya.

Aikin gida: ku kwafe jimlar Kashi na 1 sau uku, kowacce da ranar dawowa dabam. Ku kawo ranar Litinin.