Kurakuran Lissafi Da Ke Tsayar Da Gini A Linta

Kowace unguwa ka zaga za ka ga kangon da ya tsaya a linta, ciyawa ta cika ɗakunan. Sau da yawa lissafin mai ginin ne ya tsufa bai ankara ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi ƙiyasi sau ɗaya kafin haƙa tushe, a ninke takardar a jefa durowa. Waɗanda suka yi nasu a farkon 2023 sun ji a jikinsu. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, a Yuni aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, kuɗin tifar yashi da na rodi suka tashi. Buhun siminti da ake saya wajen naira dubu biyar ya haura dubu goma a wurare da dama a farkon 2024. Saboda haka duk ƙarshen wata ka shiga kasuwa da kanka, ka ji farashi, ka gyara takardarka.

Wanda ya fi damuna shi ne lissafin ragi. Mutum ya ware miliyan 20, ya kashe 12, sai ya ce saura 8 ya gama. A'a, takwas ɗin abin da ya rage a aljihunsa ne, ba kuɗin aikin da ya rage ba. Ka zauna da magini da kafinta ku ƙirga abin da ba a yi ba: bandir nawa na kwano, katako, filasta, waya, famfo, tayil, fenti. Ku saka musu farashin yau, ka haɗa da abin da ka riga ka kashe. Nan za ka ga ainihin kuɗin gidan, kuma kayan ƙarshen nan sun fi cin kuɗi fiye da yadda ake zato.

Akwai kuma bashin da ba a rubutawa. An sauke maka bulo dubu, ka ce sai Juma'a za ka biya. Rubuta shi ranar da aka sauke, ya riga ya zama kuɗin da ka kashe.

Sai canjin ra'ayi. "Malam, ɗan ƙara mana banɗaki a nan." Kafin a ɗora bulo ko ɗaya, a faɗa maka nawa zai ci har da bututu da ƙofa, ka shigar da shi.

Kuɗin ko-ta-kwana, kamar kashi 10 cikin 100, ka ware su daban, duk abin da ka taɓa ka rubuta dalili da kwanan wata.