Yadda ɗan gudu daga Maradi zai kai ga gasar ƙasashen maƙwabta

To 'yan uwa masu sammakon gudu a sitad da bakin hanyar Dan Issa, in kuna da burin sa rigar Nijar ku kara da 'yan Najeriya, Benin, Burkina, Mali da Togo a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka ta Yamma, ga yadda abun yake tahiya.

Ba wanda ka zuwa wagga gasa don kanshi, federasiyon guje-guje da tsalle-tsalle da ke Yamai ce ke zaɓen 'yan wasa, kuma ba ta san da zamanka ba sai kana cikin kulob da lisans ɗinka. Hanya mai sauƙi ka samu malamin wasanni na lakkwal ɗinku ya haɗa ka da mai horarwa, ka hito a gasar jaha, in lokacinka ya yi kyau a kai ka ta ƙasa. Ka adana takardar haihuwarka, don rukunin 'yan ƙasa da 18 da 20 ana duba shekarun da za ka cika ne zuwa 31 ga Disamba na shekarar gasar. Don Allah ban da rage shekaru, in aka gano kulob duka ya sha kunya.

Inda na hi son ku kasa kunne shi ne tashi. Mu nan cikin rairai muka saba, mutum ya tsaya tsaye a ce "ku je" ya zabura, amma can a tseren mita 100 har zuwa 400 dole ka durƙusa kan abin tokare ƙahwa ka jira bindiga, kuma tun 2010 doka ta ce ka riga bindiga sau ɗaya an hidda ka, babu "a yi haƙuri a sake", kai ko bayan ƙarar ka motsa ƙasa da daƙiƙa 0.1 ana ɗauka cewa ka yi cinta ne. Saboda haka kullum a antirenman a samu wani ya riƙa tahwa maka hannu, yana jinkirtawa da gangan. Takalmi mai ƙusa kuma ka nemo ko na gwanjo ne ka saba da shi tun da wuri, wanda ya hwara sa shi ranar gasa sharaɓarshi za ta gaya mishi.

Masu 200 da 400 ku kiyaye kada ku taka layin hagunku a kwana. Masu miƙa sanda a tseren mita 4×100, hilin miƙawar mita 30 ne, a ciki sanda za ta canza hannu.

Tramol fa! Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta shi lokacin gasa tun Janairun 2024, kuma ana awon hitsari. Ko maganin mura za ka sha tambayi likita.

Sai tahiya. Maradi zuwa Yamai ta hi kilomita 600, kada ka sauka daga kar da dare ka ce da sahe za ka yi gudu, je ka da kwana biyu a hannu ka taka hilin Seyni Kountché ka ji yadda roba take. Ka riƙe katin ɗan ƙasa ko fasfo da katin rigakafin shawara, ana tambayarsu a iyaka.

Mai son ganin yadda ake cin kwana ya nemi bidiyon 'yar gudun Nijar Aminatou Seyni a 2022, shekarar da ta ci zinaren Afirka a mita 200 a Moris, ta kuma zo ta huɗu a gasar duniya a Amurka.