Idan yaro ya kai hannu kwanon kyanwa

Jama'a, masu kiwon kare ko kyanwa a gida, ku saurara. Kwanakin baya na tarar da ɗan ƙanwata mai rarrafe zaune gaban kwanon kyanwa, kumatunsa cike da busasshen abincinta. Gabana ya faɗi, na sa yatsa na zaƙulo ƙwayoyin daga bakinsa.

Loma ɗaya ko biyu ba ta cika yin illa ba. Abin tsoro ga ƙaramin yaro shi ne ƙwayoyin su maƙale masa a maƙogwaro, sai kuma ƙwayar cutar Salmonella, wadda aka sha samu a abincin dabbobi, musamman wanda ake sayarwa ɗanye. Idan zazzaɓi, amai ko gudawa suka biyo baya, a garzaya asibiti.

Batun gina jiki kuwa, ba don mu aka haɗa abincin dabbobi ba. Jikin kare da na kyanwa suna samar wa kansu bitamin C, shi ya sa masu haɗa abincinsu ba sa damuwa da shi. Mu kuwa sai mun same shi a abinci. Wanda ya dogara da abincin dabba na tsawon watanni, dasashinsa zai fara zubar da jini, rauni ya ƙi warkewa.

Ni dai yanzu da kyanwa ta gama ci nake ɗauke kwanon. Buhun yana can sama a rufe, soson wanke kwanonta daban yake, kuma ina wanke hannu da sabulu bayan na zuba mata.