Wane ram za ka sa wa kwamfutar gem ɗinka, kuma guda nawa

Kafin ka ɗau kuɗi ka nufi Tip Toe Lane a Circle na Accra neman ram, wato sandar da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, fara duba madabod ɗinka tukuna, babban faifan da ake jona komai a kansa, don ita ke da ta cewa. Ram irin DDR4 da irin DDR5 ba sa shiga gurbin juna, ɗan tsagin nan da ke ƙasan sandar ba a wuri ɗaya yake ba, in ka ce sai ka danna da ƙarfi to ɓarna za ka yi. In furosesarka Ryzen 5 3600 ce ko 5600, wato masu zama a mazaunin AM4 na madabod, DDR4 kawai take ci. Ryzen 7000 da suka fito a 2022 da na bayansu a kan AM5, DDR5 zalla. Furosesoshin Intel zubi na 12 da 13 da 14 su ne masu ruɗa mutane, furosesar tana karɓar kowanne amma kowace madabod iri ɗaya tak take ɗauka, sai ka karanta jikin kwalin da kyau.

Maganar yawa ba ta da tsawo. 16 gig ya ishi mai buga FC da Fortnite da GTA V. 8 gig zai buɗe gem amma Windows da Chrome sun riga sun cinye rabonsu, kana tsakar wasa sai ka ga hoto na tsinkewa. In sabuwar DDR5 kake haɗawa ko kana yin layif kana wasa, sa 32. 64 kuwa don gem kaɗai almubazzaranci ne, gara ka ƙara kuɗin a girafik kad, mai sarrafa hoton gem.

To ga inda samarinmu na Nima da Mamobi suka fi yin asara, mutum ya sayi sanda ɗaya mai 16 yana cewa ai daga baya zan ƙara. Malam sanda biyu masu 8 sun fi ɗaya mai 16, duk da lissafin ɗaya ne. Furosesa hanya biyu gare ta zuwa ram, in ka sa sanda ɗaya ka toshe hanya guda kenan, kamar a rufe layi ɗaya a titin Circle da yamma, motocin za su wuce amma ka san yadda abin yake. In ma ba ka da girafik kad, kana dogaro da furosesa mai girafik a cikinta irin Ryzen 5 5600G, abin ya fi muni, don hoton gem ɗin ma daga ram ɗin yake ɗiba. Kuma "daga baya" ɗin nan, ranar da ka koma da wuya ka samu irin taka sak, in ka haɗa masu gudu daban duk sai su koma gudun ta ƙasa, wani lokaci ma injin ya riƙa mutuwa haka kawai. Sayi biyun a kwali ɗaya.

In madabod mai gurbi huɗu ce, kar ka jera su kusa da juna. Yawanci gurbi na biyu da na huɗu ake sawa in ka ƙirgo daga furosesa, an rubuta A2 da B2 a jiki, ka danna har ka ji ƙas. Cike huɗun duka yana da kyan gani amma a DDR5 sau da yawa sai an rage gudu kafin injin ya zauna lafiya.

Gudu kuma, DDR4 nemi 3200 ko 3600, DDR5 nemi 6000 mai CL30, musamman a Ryzen. Lambar CL jinkirin ram ce, in ta yi ƙasa ta fi. Amma fa ko ka sayi mai 3200, in ba ka shiga bayos, wato saitin madabod, ka kunna XMP mai sakar wa ram cikakken gudunsa ba, ko EXPO a sabbin AMD masu Ryzen, zai iya zama a 2133 ko 2400, ka biya kuɗin gudun da ba ka mora. Buɗe Task Manager na Windows ka duba lambar da idonka. Kuma in AM5 ce, kunnawar farko allo kan yi baƙi na ɗan lokaci tana gwada ram ɗin, kar ka zare waya ka ce an cuce ka.

Kayan hom yus ba laifi, ram ba ya saurin lalacewa, sai dai a kula. Gajeriyar sanda ta laftof ce, ba ta shiga. Akwai kuma masu araha da aka ciro daga saba, manyan kwamfutocin kamfanoni, in ka ga harafin R bayan lambar gudun a takardar jiki, kamar 2400T-R, bar ta, madabod ɗin gem ba ta tashi da ita. Ka ce wa mai shago, maigida a sa a inji in gani, a buɗe manhajar CPU-Z a tabbatar girma da gudu sun dace da abin da aka manna, ku kuma yi magana kan kwana nawa zai karɓa in ta ba da matsala. Da ka isa gida sa manhajar gwajin ram ta MemTest86 a filas ka bar shi ya zagaya lokacin da kake ganin ba za a ɗauke wuta ba, kuskure ko ɗaya ya fito mayar masa da kayansa.