Yadda Ake Haɗa Filashin Girka Windows 11 Ba Tare da Asarar Fayiloli Ba

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya dakatar da kulawar yau da kullum da yake ba Windows 10, saboda haka duk mai kwamfutar da za ta iya ɗaukar Windows 11 ya kamata ya ƙaura. Haɗa filashin girkawa ya fi dacewa da wanda yake da kwamfuta fiye da ɗaya, domin sau ɗaya zai kashe data wajen sauke manhajar, wadda girmanta ya haura gigabait 5.

Kafin komai a tabbatar kwamfutar ta cika sharuɗɗa, daga cikinsu akwai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) ta gigabait 4, ma'ajiya ta gigabait 64, da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Manhajar PC Health Check tana duba waɗannan cikin ɗan lokaci. Sai a nemi filashi mai aƙalla gigabait 8, a kwashe duk abin da ke cikinsa, domin za a goge shi tas. Ina ba da shawarar a guji filashi mai arhar da ta wuce hankali, saboda jabu yakan nuna girman da ba shi da shi, aiki ya yi nisa sannan ya tsaya cak.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, a zaɓi harshe, a nuna masa filashin, a bar shi ya ƙarasa. Wanda ya riga ya mallaki fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ya ƙunshi dukkan kayan girka Windows, sai ya yi amfani da manhajar haɗa filashi ta Rufus, ya zaɓi tsarin raba ma'ajiya na GPT, wanda shi ne ya dace da kwamfutoci masu UEFI, wato tsarin tayar da kwamfuta na zamani. Kwafe ISO ɗin zuwa filashi kamar yadda ake kwafe hoto ba ya sa kwamfuta ta tashi daga gare shi, kuma mutane da yawa sukan yi wannan kuskuren.

Inda na fi so mai karatu ya natsu shi ne bayan an gama haɗawa, domin hanya biyu ce kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Idan ana son fayiloli da manhajoji su zauna yadda suke, kada a tayar da kwamfutar daga filashin. A kunna ta kamar kullum, a buɗe filashin daga cikin Windows 10, a latsa setup.exe, sannan a karanta allon da kyau a tabbatar an zaɓi ajiye fayiloli da manhajoji. Wannan zaɓin yakan ƙi buɗuwa idan harshen da aka sauke ya saɓa da wanda ke kan kwamfutar, shi ya sa zaɓen harshe tun farko yake da muhimmanci. Tayarwa daga filashi, da madannin F9 a HP ko F12 a Dell, sabon girki ne daga tushe: manhajoji za su tafi, kuma idan aka goge ɓangaren ma'ajiya, takardun makaranta da hotunan iyali za su bi su.

Ko wace hanya aka bi, a fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya dabam. Idan BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle ma'ajiya, yana aiki, a rubuta lambobinsa 48 na buɗewa a takarda tun kafin a fara. A cika batir a kuma bar caja a jone, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya hana kwamfutar tashi.

Idan ta hanyar setup.exe aka bi, bayan an kammala za a ga wata jaka mai suna Windows.old a ma'ajiya. Kada a yi gaggawar goge ta don neman wuri, domin da ita ce ake komawa Windows 10 cikin kwana 10 na farko idan firinta ko wata manhajar aiki ta ƙi tafiya da sabon tsarin.