Kurakuran da masu sayen na'urar karanta littafi ke ta maimaitawa

Duk wanda ya zo mini da maganar sayen na'urar karatu, tambayarsa ɗaya ce: Kindle ko Kobo? Na gaji da jin ta. Kafin ka zaɓi na'ura, san daga ina littattafanka za su fito, kuma wa ke riƙe da makullinsu.

Kuskure mafi girma shi ne ka ɗauka littafin da ka biya kuɗinsa ya zama naka. Yawancin manyan shaguna suna sa wa fayil makulli, wanda ake kira DRM, izinin karantawa kawai suke sayar maka. A watan Yulin 2009 Amazon ta goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin mutane saboda rikicin haƙƙin mallaka, ta mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa. Nan gida ma OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke saka littattafansu, ta rufe a Nuwamban 2023.

Masu buga littattafai suna cewa makullin kariya ce ga marubuci. Ina jin su. Duk wanda ya ga yadda littafin marubuciya ke yawo a WhatsApp kwana ɗaya da fitowarsa ya san kukansu na gaskiya ne. Sai dai ɓarawo ba ya rasa hanya, wanda ya biya ne ke shan wahala. Kamfanin buga littattafai na Tor ya cire makulli daga littattafansa tun 2012, har yau yana kasuwa.

Ni wannan abu ya ci ni. Da na fara saye, manhajar da ke buɗe makullin ta nemi in yi rajista, na tsallake saboda ina sauri. Ashe hakan ya ɗaure littattafan da wannan kwamfutar ita kaɗai. Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, fayilolin suna nan lafiya a filashina, ina kallon sunayensu, ko ɗaya ya ƙi buɗuwa. Har da waɗanda nake rubutun digiri da su. To kai da aka gaya maka, me ya sa har yanzu kake buɗe asusu da imel ɗin abokinka, ko ka bar mai shagon waya ya zaɓa maka kalmar sirri? In kuka ɓata, ɗakin karatunka ya tafi da shi.

Abin da nake yi yanzu: in akwai bugu marar makulli, shi nake saye, a tsarin fayil na EPUB, in zuba a manhajar adana littattafai ta Calibre, in ajiye kwafi biyu. Mai makulli kuwa sai wanda na san karatu ɗaya zan yi masa.

Kar ka sayi mai allon inci 6 in PDF ne yawancin karatunka, rubutun zai koma kamar tururuwa. Ta hannu kuma, tabbatar mai ita ya cire asusunsa kafin ka biya.

Ka kuma buɗe littafin Hausa a kai tun a shago. Wasu salon rubutun ba su da ɓ, ɗ, ƙ. Ni nakan saka salon rubutu mai suna Charis SIL a jakar salon rubutu ta na'urar, ƙugiyoyin su fito daidai.