Yadda magidanci zai nemi taimako idan fargaba da sauyin hali suka dame shi

A Damagaram, idan aka tambayi namiji lafiyarsa, amsar ɗaya ce: lafiya lau, sai godiya. Haka zai faɗa ko da ya kwana uku bai runtsa ba, ko da gabansa yana faɗuwa duk lokacin da salula ta yi ƙara, ko da jiya da dare ya daka wa ɗansa tsawa a kan kofin ruwan da ya zubar, sannan ya kwana yana jin kunyar kansa. An rene mu a kan cewa namiji ba ya raki, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan karin magana tana da muhallinta wajen riƙe sirrin mutane, amma ba a yi ta domin mara lafiya ya ɓoye ciwonsa ba.

Abin da za ka fara yi shi ne ka bambance damuwar yau da kullum da wadda ta zama ciwo. Magidancin da ke lissafin kuɗin haya da na buhun hatsi dole ya yi tunani, kuma kowa ya ga halin da fataken da ke bin hanyar Matamaye da Magariya zuwa Kano suka shiga lokacin da aka rufe iyaka a 2023. Irin wannan damuwa tana da sanadi, idan sanadin ya kau ita ma sai ta lafa. Wadda ta zama ciwo kuwa takan ɗauki watanni, tana tsalle daga wannan batu zuwa wancan, an biya bashi amma zullumin yana nan, kuma takan sauko cikin jiki: bugun zuciya, ɗaurewar ƙirji, ciwon wuya da kafaɗa, zafin ciki, gumi ba dalili. Wani ma tsoro ne yake rufe shi farat ɗaya yana tsakiyar Kasuwar Dole, numfashi ya yi masa wuya har ya zaci ajali ne ya zo, abin ya kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka. Idan kuma ƙuncin rai da rashin sha'awar komai suka zauna maka kusan kullum har mako 2, ga rashin barci da rashin cin abinci, wannan ciwon damuwa ne, wanda a wurin maza da yawa ba ya bayyana da hawaye, sai da saurin fushi da ƙaurace wa gida.

Akwai wani sauyin hali da ya fi waɗannan wuyar ganewa, domin mai shi ba ya jin kansa a matsayin mara lafiya. Yakan yi kwanaki yana barcin awa 2 ko 3 ba tare da gajiya ba, magana ta yi masa yawa, ya riƙa ɓarnar kuɗi da ƙulla manyan cinikayya waɗanda ba su da tushe, daga baya kuma ya faɗi warwas, ya yi makonni ba ya son fita ko ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 40 ne ke fama da wannan ciwo mai hawa da sauka, yayin da masu ciwon fargaba suka kai miliyan 301, kuma cikin masu fargabar kusan mutum ɗaya ne kawai cikin huɗu yake samun magani.

Kafin ka je ko'ina, nemi ɗan littafin rubutu irin na ƴan makaranta ka riƙa rubuta halinka har mako 2, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi maka sauƙi. Layi biyu sun isa a kowace rana, kamar haka: “Talata, na kwanta ƙarfe 1, na farka ƙarfe 4. Shayi kofi 5, goro 2. Na yi faɗa da uwargida bayan magariba, gabana ya faɗi sau biyu a kan babur.” Amfanin wannan ya fi yadda ake zato, domin mutum yakan manta yadda makon jiya ya kasance, kuma sau da yawa littafin ne zai nuna maka cewa ranakun da ka fi fushi su ne waɗanda barci ya yi ƙaranci a darensu.

A nan dole a taɓo shayin fada, wato majalisar da maza ke zaman hira, ko da wasu za su ji haushi. Zaman fada alheri ne ga mai damuwa, domin kaɗaici yana ƙara ciwon, saboda haka kada ka daina zuwa. Matsalar tana cikin buta. Ganyen shayi da goro da Nescafé duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda yake sa zuciya gudu da hannu rawa, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan a jini. Wanda ya sha kofin farko mai ɗaci bayan sallar isha'i, to da ƙarfe 1 na dare ma abin bai sake shi ba. Ka mayar da shayinka zuwa safe da hantsi, ka rage shi sannu a hankali don kada ciwon kai ya kama ka, da dare kuma ka zauna a yi hira da kai ba tare da kofi a hannu ba. Tiramol ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Ɗan kabu-kabu ko lebura yakan fara shan sa don ya jure aiki, amma da zarar ƙarfinsa ya sauka sai fargaba da fushi su dawo fiye da da, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya. Haka ma diyazefam da ake saya a tire a bakin hanya: yana kawo barci a makon farko, daga nan jiki ya saba, ya zama ba a iya kwana sai da shi. Idan ka riga ka saba da ɗaya daga cikinsu, kada ka yanke shi rana ɗaya da kanka, domin yankewar gaggawa tana da nata haɗarin, ma'aikacin lafiya ne zai tsara maka yadda za ka rage.

Sai kuma ka zaɓi mutum ɗaya ka gaya masa. Ba a buɗe irin wannan magana a tsakiyar fada, inda wani zai mayar da ita abin zolaya kafin ka rufe baki. Nemi wanda ka taɓa gwadawa ka ga yana riƙe amana, ko yayanka ne, ko aminin ƙuruciya, ko limamin unguwa, ka same shi shi kaɗai bayan salla ka ce masa: “Yaya, akwai abin da ke damuna wata uku ke nan, ba na barci, raina yana ɓaci ba dalili. Ba kuɗi na zo nema ba, so nake ka saurare ni, in ya yiwu ka raka ni asibiti.” Cewar ba kuɗi kake nema ba tana da muhimmanci, domin a halin da ake ciki duk wanda aka ja gefe abin da yake fara zato ke nan. Matarka kuwa ta riga kowa ganin sauyin, wataƙila ma tana zargin kanta ko tana zaton aure kake shirin ƙarawa. Ka gaya mata cewa ba laifinta ba ne kuma kana neman magani, sannan ka tambaye ta abin da ta lura da shi, domin ita ce za ta iya tuna kwanakin da ka yi ba barci kana ta surutu, waɗanda kai ka ɗauke su kwanakin ƙoshin lafiya.

Wasu za su ce maka raunin imani ne. Ba haka ba ne. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, shi ne kuma ya yi umarni da neman magani. Ka riƙe addu'a da azkar, ka je wurin malamin da ka yarda da shi, amma duk wanda ya ce ka zubar da maganin asibiti, ko ya ce sai an ɗaure ka an doke ka, ko ya yanka maka kuɗi masu yawa a kan wai jifa aka yi maka, ka nisance shi.

A asibiti ne maza suka fi yin kuskure. Mutum zai bi layi tun safe, in ya shiga gaban majo, wato babban ma'aikacin jinya, sai ya ce kansa ke ciwo kawai, a rubuta masa farasitamol ya koma gida da ciwonsa. Ka fara daga asibitin unguwarku, ka miƙa littafin nan, ka faɗi komai da bakinka: rashin barci, faɗuwar gaba, fushi, da duk ƙwayar da kake sha, ba tare da ragi ba. Ka nemi a auna hawan jini da sukari da yawan jini, a duba maƙoshi kuma, domin ƙarancin jini, da faɗuwar sukari, da halittar nan ta maƙoshi da ke kumbura ta zama maƙoƙo idan aikinta ya yi yawa, duk suna iya kawo alamu irin na fargaba. Idan aka tura ka sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa da ke Zinder, ka je. Na san abin da ke hana mutane, wato kada a gan su a ƙofar a ce sun taɓu, amma da yawa daga cikin masu zuwa wurin da ƙafarsu suke zuwa, su karɓi shawara da magani, su koma bakin sana'arsu.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba, wani tattaunawa da ƙwararre ce take koya masa yadda zai kama tunaninsa kafin ya yi nisa. In an rubuta maka magani irin su fuluwoksetin ko amitiriftilin, ka sani ba ya aiki a rana ɗaya, yakan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warware don kada ciwon ya dawo. Lalle ka faɗa wa likita idan ka taɓa yin kwanakin hawa da aka bayyana a sama, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da su. Wasu magungunan kuma suna rage sha'awar iyali, wannan ne yake sa maza da yawa su daina sha a ɓoye, alhali da sun faɗa da an rage ko an sauya musu wani. Idan azumi ya gabato, ka tambayi yadda za a daidaita lokutan sha.

A tsakanin nan akwai abin da za ka iya yi da kanka. Idan gaba ya faɗi, zauna ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, ka maimaita na ƴan mintuna. Idan fushi ne, ka bi abin da ya zo a hadisi: na tsaye ya zauna, na zaune ya kishingiɗa, kuma ya yi alwala. Kada ka furta saki ko ka ɗaga hannu a wannan hali, fita waje ya fi. Tafiyar ƙafa ta minti 30 bayan asuba, kafin ranar Damagaram ta buɗe, sau 5 a mako, ta cika minti 150 da ake so baligi ya motsa jiki, kuma tana gyara barci.

Abu uku ba sa jiran mako 2 na littafi. Idan tunanin kashe kanka ko cutar da wani ya zo maka, ko ka fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko ciwon ƙirji ya zo da gumi yana sauka zuwa hannu, a tafi sashen gaggawa a ranar. A duniya, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu, saboda haka wanda aka gaya wa irin wannan magana kada ya ce wasa ne. Ya tambayi ɗan'uwansa kai tsaye, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, ya kwashe maganin ƙwari na gona da igiya da wuƙa da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kada ya bar shi shi kaɗai, ya nemo abin hawa su tafi tare.